Wayewar Tsoffin Girkawa

Tsoffin Girkawa, waɗanda littattafan Larabci ke kiran ƙasarsu Yunan, al'umma ce da ta zauna a kudancin yankin Balkan da tsibiran da ke kewaye da shi, da kuma gaɓar yammacin ƙasar da a yau ake kira Turkiyya. Masana tarihi kan fara lissafin bunƙasarsu daga wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya (KM), lokacin da suka ari haruffan rubutu daga Finikawa, wata al'umma ta gaɓar ƙasar Sham, suka kuma ƙara musu alamomin wasula, abin da ya sauƙaƙa karatu ƙwarai. Daga waɗannan haruffa ne na Latin suka samo asali, wato kakannin haruffan boko ke nan.

Girkawa ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba a zamanin ƙarfinsu. Ƙasarsu ta duwatsu ce da tsibirai, don haka suka rarrabu birni-birni, kowane birni da dokokinsa da rundunarsa, da yawa kuma da kuɗinsu na kansu. Ƙarancin ƙasar noma ya sa suka bazu ta teku suna kafa garuruwa, kamar Sirakus a tsibirin Sisili, da Masaliya wadda ita ce Marsey ta Faransa a yau, da Sairin a gaɓar Libiya. Abin da ya haɗa su shi ne harshe, da bautar alloli irin su Zeyus da Afolo, da manyan bukukuwa kamar wasannin Olimfiya, waɗanda bisa al'ada ake cewa an fara a shekarar 776 KM, ana yin su duk bayan shekara huɗu.

Birane biyu ne suka fi shahara, kuma halinsu ya sha bamban. Sparta gari ne na mayaƙa mai sarakuna biyu a lokaci guda, inda ake raba yaro da gidansu yana ɗan shekara bakwai a kai shi horon soja, noma kuwa aikin talakawan da aka mallake ne. Atina ta bi wata hanya. A wajen shekarar 508 KM, Kilistenis ya sake tsarin mulkin birnin, ya mai da iko hannun majalisar 'yan ƙasa, inda kowane namiji baligi ɗan asalin gari yake da ikon tashi ya yi magana, ya kuma jefa ƙuri'a a kan yaƙi ko sulhu ko haraji. Akwai wata majalisa mai mutum 500 da ke tsara abin da za a tattauna, kuma ba zaɓensu ake yi ba, ƙuri'ar sa'a ake fitarwa, domin Atinawa suna ganin zaɓe kan fifita masu hali da masu suna. Sun kuma tanadi hanyar korar duk wanda suke tsoron ƙarfinsa daga gari har shekara goma. Wannan tsari suka kira mulkin jama'a, kalmar da ta zama dimokuraɗiyya. Sai dai jama'ar da ake nufi tsiraru ce, domin mata da bayi da baƙi mazauna gari, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da ta cewa.

Daular Farisa ta kawo wa Girkawa hari sau biyu, suka yi nasara a kanta a Maraton a 490 KM, sannan a yaƙin ruwa na Salamis a 480 KM. Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar Atina: a ƙarƙashin jagorancin Ferikilis aka gina ɗakin bautar Fartenon tsakanin 447 da 432 KM, wasan kwaikwayo ya haɓaka, Herodotus kuma ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Farisa bisa abin da ya bincika da kansa. Amma kishi tsakanin Atina da Sparta ya haifar da yaƙin da ya ci shekara 27, daga 431 zuwa 404 KM, wanda ya ƙare da faɗuwar Atina.

A cikin wannan yanayi ne falsafa ta yi ƙarfi. Abin da ya bambanta masanan Girka da na makwabtansu ba yawan sani ba ne, domin Misrawa da Babilawa sun riga su lissafi da ilimin taurari, kuma Girkawan sun amfana da su. Bambancin shi ne nacewa a kan hujja, wato kada a karɓi magana sai an nuna dalilinta a bainar jama'a. Sukurat, masanin falsafa na Atina, ya yi ta yi wa mutane tambayoyi a kasuwa har aka gurfanar da shi bisa zargin ɓata matasa da raina allolin gari, aka yanke masa hukuncin shan guba a 399 KM, a ƙarƙashin dimokuraɗiyyar nan da ake yabo. Almajirinsa Aflaɗon ya kafa makaranta, almajirin Aflaɗon kuwa, Aristotil, shi ne ya fara tsara ƙa'idojin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja daidai.

Filibus sarkin Makidoniya ya ci biranen Girka da yaƙi a 338 KM, ɗansa Iskandar ya rushe daular Farisa ya kai har bakin Indiya kafin ya mutu a Babila a 323 KM. Bayansa birnin Iskandariyya na Masar ya zama cibiyar ilimi, inda Yuklid ya tsara ilimin handasa, wato lissafin siffofi da awo, Eratostenis kuma ya auna kewayen duniya ta hanyar kwatanta inuwar rana a garuruwa biyu. Rumawa sun rusa birnin Koranti a 146 KM, suka mallaki Girka, amma suka ɗauki adabinta da fasalin gine-ginenta.

Gadon Girkawa bai iso zamanin nan kai tsaye ba. Daular Rumawan Gabas ta adana rubuce-rubucen a harshensu na asali, a Bagadaza kuma, zamanin Abbasiyawa, aka fassara da yawa zuwa Larabci. Hunainu ɗan Ishaƙ, wani likita Kirista da ya rasu a 873 Miladiyya, shi da almajiransa sun fassara ayyukan likitanci na Jalinus da Buƙraɗ, manyan likitocin Girka. Malaman Musulunci sun riƙa kiran Aristotil Malami na Farko, Alfarabi kuma Malami na Biyu, sharhin Ibn Rushdi na Andalus kuwa an mai da shi Latin aka karanta a jami'o'in Turai. Ta hanyar littattafan Larabcin nan ne manɗiƙi ya shigo zaurukan karatu na Afirka ta Yamma. Shehu Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda yake ganin haramcinsa. A harshen Hausa ma akwai sawun wannan tafiya, domin falsafa da dirhami da alƙalami duk kalmomi ne da Larabci ya samo daga Girkanci kafin su iso ƙasar Hausa.