Idan numfashi ya yi wuya: tambayoyi kan jinyar huhu da alaji a asibiti

Yaushe ne matsalar numfashi ta wuce a zauna da ita a gida?

Idan mutum ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya fara ruɗewa yana gyangyaɗi, a kai shi asibiti nan take. Yaro kuwa ana ƙirga masa numfashi na minti ɗaya lokacin da ba ya kuka. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, musamman idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja iska, mai yiwuwa namoniya ce, wato ciwon sanyin huhu. Akwai kuma alamar da ke yaudarar mutane: mai asma da ƙirjinsa ya daina ƙara alhali yana ta haki. Ba sauƙi ya samu ba, iskar ce ta kusa daina wucewa.

Me ake fara yi wa majinyaci da zarar ya isa?

Ana maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa da ke auna iskar oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Idan ta yi ƙasa, sai a sa masa oksijin ta hanci ko ta abin rufe fuska. Mai asma ana ba shi maganin buɗe hanyoyin iska irin su salbutamol ya shaƙa, tare da maganin rage kumburi. Sai numfashi ya daidaita ake komawa neman musabbabi: hoton ƙirji, gwajin jini, gwajin kaki idan ana zargin tarin fuka, da gwajin hura iska cikin na'ura don a ga ƙarfin huhu.

Wani abu da ya kamata masu jinya su sani: oksijin magani ne mai ƙa'ida. Wanda huhunsa ya daɗe da toshewa saboda sigari ko hayaƙi, likitoci kan tsayar da shi tsakanin 88 da 92, domin yawan oksijin na iya cutar da shi. Kada ɗan'uwa ya murɗa famfon don tausayi.

Gaskiya ne idan aka fara amfani da abin shaƙa na asma yakan zama jaraba, a kasa rabuwa da shi?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan jita-jita ta jawo asara mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma, ta kuma kashe 455,000, alhali cuta ce da ake iya shawo kanta. Abin shaƙa kala biyu ne. Ɗaya yana buɗe ƙirji cikin mintuna kaɗan, amma ba ya taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin iska. Ɗayan shi ke kwantar da kumburin sannu a hankali, kuma shi ne yake hana a sake dawowa asibiti da tsakar dare. Abin takaici, shi mutane suka fi watsarwa, don ba sa jin aikinsa nan take. Wanda ke buƙatar mai buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta kwanta ba, ya koma wurin likita. Kafin a sallame ka, ka nemi a nuna maka yadda ake shaƙa, sannan ka gwada a gabansu. Mutane da yawa a baki maganin ke tsaya musu, bai kai huhu ba.

Alaji fa, wato jiki ya yi bore saboda wani abu da ba ya so, har ya kai a kwantar da mutum?

Yawancinsa atishawa ne da ƙaiƙayin ido da borin jini, ƙwayar magani ta wadatar. Amma akwai mai tsanani da ke tasowa cikin mintuna bayan cin wani abinci, harbin zuma, ko shan magani irin su fenisilin: harshe da maƙogwaro su kumbura, murya ta dishe, jini ya faɗi. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta. Ko mutum ya farfaɗo, akan riƙe shi wasu sa'o'i, saboda abin kan iya dawowa karo na biyu.

Ta yaya ake gano abin da jiki ba ya so?

Labarin majinyaci ne kan gaba: me ya ci, me ya taɓa, bayan minti nawa abin ya tashi. Sannan a ɗiga ɗan abin da ake zargi a fatar hannu, a ɗan tsira wurin, a duba bayan minti 15 zuwa 20. Akwai kuma gwajin jini. Sakamakon gwaji kaɗai ba ya isa a hana yaro wani abinci, sai ya dace da abin da ya faru a zahiri.

Idan an samu sauƙi, za a iya dakatar da magani?

Sai da izinin likita. Tarin fuka ya fi kowanne tsauri a nan: maganinsa kan ɗauki wata shida, kuma wanda ya yanke a tsakiya don tari ya lafa yana ba ƙwayar cutar damar bijire wa magani. Jinyar irin wannan ta fi wahala, magungunanta kuma sun fi nauyi a jiki.