Gadon da ke ƙarƙashin ƙasa: yadda Amurkawa suka wayi gari suna gadon man fetur

A wajenmu a Najeriya idan tsoho ya rasu aka zauna rabon gado, gona ce da gida da shanu ko shago a kasuwa, babu mai cewa a raba abin da ke ƙarƙashin gonar, don ko rijiyar mai ce ta ɓulla a tsakar gidanka ba taka ba ce, ta gwamnatin tarayya ce, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara, kafin shi ma dokar man fetur ta 1969 ta riga ta faɗa. Ko a Kolmani da Buhari ya je ya ƙaddamar da haƙa a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, mai gona diyya kawai yake jira, man ba nasa ba ne. To a Amurka labarin daban ne, mutum yana iya gadon man da ke ƙarƙashin wani fili a Texas ko Oklahoma da bai taɓa takawa ba, filin ma ba nasa ba, wani ne ke kiwon shanu a kai.

Abin ya samo asali ne daga dokar Ingila da suka gada, wadda ta ce mai fili shi ke da abin da ke ƙasan filinsa. Da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a Titusville ta Pennsylvania a 1859 sai masu neman mai suka bazama suna bin manoma suna karɓar haya. Texas kuwa da can dokar Sifaniya da Meziko take bi, ma'adinai na hukuma ne kamar dai mu yanzu, sai tsarin mulkinsu na 1866 ya sakar wa masu filaye, a lokacin ma babu wanda ya san irin dukiyar da aka saki, sai da rijiyar Spindletop ta fashe a Janairun 1901 kusa da Beaumont tana tunkuɗo ganga wajen dubu 100 a rana sannan ido ya buɗe.

Daga nan aka saba da tsarin da ake bi har yau: kamfani ya ba ka kuɗin goro a kan kowace eka ranar sa hannu, shi ya ɗauki duk wahalar haƙa, kai kuma kana da kaso daga duk gangar da ta fito. Shekaru da yawa kason ɗaya bisa takwas ne, tumuni kenan, irin dai tumunin takaba da muka sani a rabon gado, yanzu ne a wuraren da ake rububi ake ba da ɗaya bisa biyar ko ɗaya bisa huɗu.

Inda abin ya rikice shi ne doka ta yarda a raba sama da ƙasa. Manomi ya shiga matsi, musamman a shekarun 1930 lokacin fari da karayar tattalin arziki, sai ya sayar da gonar ya riƙe abin da ke ƙasanta, ko ya riƙe gonar ya sayar da rabin ƙasan, ita ma gwamnati a dokar 1916 ta raba wa makiyaya eka 640 kowanne amma ta riƙe ma'adinan. Shi ya sa jika yake tashi da takarda babu gona.

Wanda ya fi ban tausayi labarin ƙabilar Osage ne, 'yan asalin ƙasar Amurka da ke Oklahoma. A 1906 aka raba musu filayensu amma suka dage ma'adinan su zauna na ƙabila gaba ɗaya, aka yi kaso 2,229, kowane kai da nasa, kuma ana gadonsa. Mai ya fito, a 1923 kaɗai sun samu sama da dala miliyan 30, sai gwamnati ta ce wai da yawansu ba za su iya riƙon kuɗinsu ba, aka naɗa musu Turawa masu kula da dukiya suna ci son ransu, wasu kuma suka riƙa auren matansu ana kashe dangi ɗaya bayan ɗaya don kason ya gangaro hannunsu. An ɗaure William Hale, wani Bature mai kiwon shanu da ya kitsa wasu daga cikin kashe-kashen, a 1925 kuma majalisa ta hana bare gadon kason wanda jininsa na Osage ya kai rabi.

Sai aka daɗe takardun nan da yawa suna kwance a akwati, rijiyoyi sun tsufa, cek ɗin da ke zuwa ko kuɗin cefane bai kai ba. Kwatsam wajen 1998 kamfanin George Mitchell ya gano yadda dabarar fasa dutse da ruwa mai ƙarfi za ta yi aiki a dutsen Barnett da ke ƙarƙashin ƙasa a Texas, daga baya aka haɗa da haƙa a kwance maimakon a tsaye, sai filayen da aka yanke musu ƙauna a yankin Permian na Texas da New Mexico da Bakken ta Dakota ta Arewa suka farfaɗo, a 2008 a Haynesville ta Louisiana kuɗin goro ya haura dala dubu 20 a eka ɗaya. Nan fa dillalai suka shiga ofisoshin rajistar filaye suna tono sunayen jikoki suna aika musu wasiƙa, za mu saya, kuɗi hannu.

To nawa ne darajar abin? Nan ne ake cutar magada. A ce kaka yana da eka 160, 'ya'ya huɗu suka raba, jikoki hurhuɗu suka sake rabawa, kai ka tashi da eka 10. Kamfani ya haɗa ka cikin yanki mai eka 640, tsohuwar yarjejeniya kuma tumuni ce, rabonka ya zama ɗaya bisa 512. Idan rijiyar na ba da ganga 500 a rana a kan dala 70, kana samun wajen dala dubu 2 a wata kafin haraji da yanke-yanken kuɗin sufuri. Dillali zai ce maka ga kuɗin wata 36 ko 60 dunƙule, ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Amma lissafin yana iya karkata kowane ɓangare, don irin waɗannan rijiyoyin a shekarar farko kaɗai suna iya raguwa da fiye da rabi, wanda ya ɗauka cek ɗin watan farko haka zai dawwama ya yaudari kansa, farashi ma ba shi da amana, ya kai dala 147 a 2008, a 20 ga Afrilun 2020 kuma ya faɗi ƙasa da sifili. A gefe guda kuma ni a ganina dillalin ba tsohuwar rijiya yake so ba, ya riga ya duba ya ga an ba da izinin haƙa sababbi shida ko takwas a yankin, ko akwai wani dutsen a ƙasan wanda ake haƙa da ba a taɓa ba, kai ba ka sani ba shi ya sani, ai ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma wanda ma bai san ya gada ba, ba a sauya suna a rajista ba tun mutuwar kaka, kamfani ya riƙe kuɗin, in an daɗe ya miƙa wa jiha ta ajiye cikin dukiyar da ba a zo nema ba. Wasu jihohin ba sa jira har abada, a Louisiana shekara 10 babu haƙa abin ya koma hannun mai fili, a Indiana shekara 20 ne in ba ka shigar da takardar cewa naka ne ba, har kotun ƙolin Amurka aka je a 1982 kan wannan doka ta Indiana, kotun ta ce ta yi daidai, ko da kuwa ba wanda ya aika wa mai haƙƙin sanarwa cewa lokacinsa ya kusa ƙarewa.