Rantsuwa, ashar, tsinuwa da Allah ya isa: kowace da gurbinta

Idan rai ya ɓaci, baki kan fitar da kalmomi iri-iri a numfashi ɗaya, har mai sauraro ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba haka ba ne. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi game da waɗannan kalmomi.

Tambaya: Mene ne bambancin rantsuwa, zagi da tsinuwa?

Amsa: Duba wanda ake yi wa maganar. Mai rantsuwa Allah yake kafawa shaida a kan kansa, cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ko zai cika abin da ya ɗauka. Mai tsinuwa shi ma Allah yake kira, amma a kan wani, yana roƙon a hukunta shi. Mai zagi kuwa bai kira kowa ba, shi da abokin faɗansa ne gaba da gaba, burinsa kawai ya zubar masa da mutunci. Ruɗanin yakan shigo ta hanyar fassara, domin a Turanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anar rantsuwa da ta ashar. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an fassara cewa wane “ya yi ta rantsuwa” da aka taka masa ƙafa, alhali ashar ya yi ta ɗurawa.

Tambaya: Waɗanne kalmomi ake rantsuwa da su?

Amsa: Wallahi ce uwa, sai billahi da tallahi. Duk ukun daga Larabci suka zo, inda haruffan “wawu”, “ba” da “ta” suke zama haruffan rantsuwa idan an liƙa su ga sunan Allah. Mai son ƙara nauyi sai ya jera su, ko ya ce billahillazi. Akwai “na rantse da Allah”, akwai “Ƙur'ani”, akwai kuma wasu kalmomin da suka daɗe a bakin Hausawa, irin su aradu da kwarankwatsa. Mai cewa “aradu ban ɗauka ba” asalin nufinsa tsawa ta faɗo masa in ƙarya yake, ko da yake yawancin masu faɗa a yau ba sa tuna wannan. Malamai na hana irin wannan saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru. Kiristoci kuma na kafa hujja da Matiyu 5:34-37, inda aka ce kada a rantse sam, i ta zama i, a'a ta zama a'a.

Wajen aikatau ma akwai bambanci. Mutum ya rantse, alƙali ya rantsar da shi. Shugaba kan yi rantsuwar kama aiki. Idan aka ce “ya dafa Alƙur'ani” ko “ya ci laya”, magana ta wuce ta fatar baki. Alwashi da bakance kuwa 'yan uwan rantsuwa ne amma ba ita ba ce: alwashi ƙudurin yin abu ne, galibi da barazana a ciki, bakance kuma alkawarin ibada ne da mutum ya ɗora wa kansa idan buƙatarsa ta biya.

Tambaya: Mutumin da ke cewa wallahi a kowace jimla, kaffara nawa ke kansa?

Amsa: Nan ne ake yawan kuskure. Aya ta 225 a Suratul Baƙara ta ce Allah ba ya kama mutum da lagwu a rantsuwarsa. Imamu Shafi'i ya fassara lagwu da irin wallahin da ke suɓucewa daga baki ba da niyya ba. A Malikiyya kuma lagwu shi ne ka rantse a kan abin da ka yi imani haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba. Wadda ake yi wa kaffara ita ce ƙullalliyar rantsuwa a kan abin da zai zo, kamar “wallahi ba zan sake shiga gidan ba”, sannan ka shiga. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta fayyace: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Wanda bai samu ikon ko ɗaya ba, shi ne zai yi azumin kwana 3. Da yawa kan zarce ga azumin kai tsaye alhali suna da halin ciyarwa, sun juya jerin ke nan.

Sai ta ukun, rantsuwar ƙarya da gangan a kan abin da ya wuce. Sunanta gamusu, wato mai dulmiyarwa. Mafi yawan malamai sun ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da mayar da haƙƙi. Ni dai abin da na lura shi ne yawan wallahi ya rage mata daraja a kunne. Wanda ya ce “ban gan shi ba” ya yi shiru, sau da yawa an fi gaskata shi a kan wanda ya jero wallahi tallahi tun ba a tambaye shi ba.

Tambaya: Ashar da zagi fa?

Amsa: Duk ashar zagi ne, amma ba duk zagi ne ashar ba. Wawa, sakarai, ɗan banza, jaki, duk zagi ne. Ya zama ashar idan aka ambaci iyaye haɗe da tsiraici. Dubi aikatau ɗin da ke rakiyarsa, za ka ji nauyinsa: ana ɗura ashar, a ƙunduma shi, a lailayo shi, a auna wa mutum shi. Ba wanda ke cewa an lailayo “wawa”. Saboda munin kalmar, baki ya ƙirƙiro hanyoyin kauce mata, sai a ji “kan uba”, “bantan uba” ko “buhun uba”, sautin ya yi kusa, ma'anar ta kauce. Daƙuwa kuma zagi ce da hannu, yatsu biyar a ware, ko an ce “uwarka” ko ba a ce ba saƙon ya isa. Akwai hadisin da ya sa zagin iyayen wani cikin manyan zunubai, domin ka zagi uban mutum ya rama, kai ka jawo wa naka.

Batsa da alfasha daban suke. Su maganar tsiraici ce ko da ba da kowa ake ba, kuma alfasha ararriya ce daga Larabci. Ƙazafi kuwa ya wuce zagi, tuhuma ce ta zina ba shaidu 4, aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka masa bulala 80.

Tambaya: Habaici, zambo da gugar zana zagi ne?

Amsa: Dangi ne na nesa. Habaici ba ya kama suna, wanda ya tsargu da shi ake. Zambo kan siffanta mutum ta yadda kowa zai gane shi a yi dariya, makaɗa da mawaƙa ne gwanayensa. Gugar zana kuma a shafe ka da magana a wuce kamar ba a yi ba.

Tambaya: La'ana da tsinuwa ɗaya ne?

Amsa: A amfanin yau da kullum kusan ɗaya ne, la'ananne da tsinanne na musanya gurbi. Asali ne ya bambanta. La'ana Balarabiya ce, ma'anarta korewa daga rahamar Allah. Daga tushenta aka samu li'ani, wanda ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nur suka tsara: mijin da ya tuhumi matarsa ba shaidu ya rantse sau 4, a ta 5 ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake, matar ma ta rantse sau 4, a ta 5 ta kira wa kanta fushin Allah. Ka ga wurin da rantsuwa da la'ana suka haɗu a zama ɗaya. Tsinuwa kuwa Bahaushiya ce, cikakkiyar jimlar ita ce “Allah ya tsine maka albarka”, daidai da “ya ɗebe maka albarka”. Ba a roƙa maka cuta ko mutuwa ba, an dai roƙa a zare abin da ke sa ɗan kaɗan ya yi auki. Idan daga iyaye ta fito, sai a ce sun yi masa baki, in rayuwarsa ta tabarbare a ce bakin uwa ne ya kama shi.

Tambaya: “Allah ya isa” tsinuwa ce?

Amsa: A lafazi a'a. Ba ta roƙi komai a kan kowa ba, cewa kawai ta yi Allah ya wadatar a matsayin alƙali. Amma mutane sun fi tsoronta a kan ashar, domin kalmar wanda aka zalunta ce ba shi da ƙarfin ramawa. Mai ashar ya rama, an yi kunnen doki. Mai Allah ya isa bai rama ba kuma bai yafe ba, ya ɗaukaka ƙara ne. Shi ya sa ake bin sa da “don Allah ka janye”, abin da ba a cewa mai zagi.

Tambaya: Me ya sa ake jin “Allah wadai” a labarai kullum?

Amsa: 'Yan jarida ne suka mayar da ita kalmar ofis. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Allah wadai da hari, ƙungiya ta yi tir da mataki, jama'a sun yi tofin Allah tsine. A nan ba wanda ya tsine wa kowa, nuna ƙin amincewa ne kawai. Tsohon ɗanɗanonta yana nan a karin maganar “Allah wadaran naka ya lalace”, inda takaici ya fi fushi yawa.

Tambaya: To yaya “shege” ke zama yabo?

Amsa: Murya da dangantaka ke yanke hukunci. Asalin kalmar ɗan da aka haifa ba aure, kuma a faɗa tana iya kai mutane gaban alƙali. Amma abokai na kallon ƙwallo wani ya zura ta daga nesa, sai ka ji “kai, shegen yaron nan ya iya!” Haka “shegen wayo” da “shegiyar mota”, ƙarfafawa ce kawai. Sharaɗin shi ne tsara da tsara. Wanda ya gwada ta a kan surukinsa, ko da dariya ya faɗa, sai an tara manya kafin maganar ta mutu.