Waiwaye: Nero, gobarar Rum da mutanen da suka rubuta tarihinsa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu ɗora waƙoƙi da finafinai a faifan CD, lokacin da abin yake tashe, ya san sunan Nero ko da bai san mai sunan ba. Manhajar da ake "ƙona" faifai da ita ke nan. Kamfanin Jamus da ya yi ta da gangan ya zaɓi sunan, ya kuma sa hoton Kolosiyam, katafaren filin wasan birnin Rum, yana ci da wuta a tambarinta. Tsokana ce ga sarkin da aka ce ya cinna wa birninsa wuta, ya koma gefe yana kaɗa molo. Sai dai ginin da ke tambarin ba a ma aza tubalinsa ba sai bayan Nero ya mutu. Labarin mutumin nan haka yake tun asali: gaskiya da ƙari sun cakuɗe, har an daina tambayar wanne ne wanne.

An haife shi ranar 15 ga Disamba, shekara ta 37 Miladiyya, a garin Antiyum da ke gaɓar teku kudu da Rum. Mahaifiyarsa Agirifina jinin Augustus ce, sarkin farko na daular, kuma ƙanwar sarki Kaligula. A shekara ta 49 ta auri sarki Kalaudiyas, wanda ƙanin mahaifinta ne, sai da majalisar dattawa ta halatta irin wannan aure. Da shekara ta zagayo ta sa ya ɗauki ɗanta a matsayin ɗa, duk da yana da nasa na cikinsa, Biritanikus. Kalaudiyas ya mutu a Oktoba na shekara ta 54, gari ya ɗauka cewa ita ta ba shi guba, Nero ya hau karaga yana ɗan shekara 16.

Shekarun farko ba a yi kuka da shi ba. Malaminsa Seneka da Burus, shugaban dogaran fada, su ke riƙe da linzami. An ruwaito cewa da aka kawo masa takardar hukuncin kisa ya sa hannu, sai ya ce ina ma bai iya rubutu ba. A shekara ta 58, da koke ya yi yawa a kan 'yan kwangilar karɓar haraji, ya so ya soke kuɗin fito da makamantansu gaba ɗaya. Dattawa suka nuna masa baitulmali zai bushe, sai ya tsaya a kan umarnin a riƙa liƙa dokokin haraji a fili kowa ya gani.

To daga ina muka san sauran? Nan ne gizo ke saƙar. Kusan duk abin da ake faɗa a kan Nero daga alƙalamin mutum uku ya fito. Tasitus yaro ne ɗan kimanin shekara 12 lokacin da Nero ya mutu. Suwetoniyus ba a ma haife shi ba sai bayan nan. Kasiyus Diyo kuwa ya yi rubutunsa bayan shekara ɗari da hamsin. Biyu daga cikinsu sanatoci ne, ɗayan babban magatakardan fada ne a wani zamani daban. Littattafan waɗanda suka ga mulkin da idonsu, irin su Kuluwiyus Rufus da Fabiyus Rustikus da tarihin da Filini Babba ya rubuta, duk sun ɓace, sai abin da waɗannan ukun suka tsakuro. Yusufus, masanin tarihin Yahudawa wanda ya je Rum a zamanin Nero, ya ce marubuta da dama sun yi ƙarya a kansa: wasu saboda alherin da ya yi musu, wasu saboda ƙiyayya. Na masu ƙiyayyar ne ya iso mana.

A ɗauki gobarar, tunda ita ce tambarinsa. Ta tashi a daren 18 ga Yuli, shekara ta 64, daga rumfunan 'yan kasuwa da ke jikin babban filin sukuwar keken doki. Iska ta kwashe ta cikin lunguna masu matsi da benaye na katako. Ta yi kwana shida tana ci, ta lafa, ta sake tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun zama toka, bakwai saura kango, huɗu kawai suka tsira. Suwetoniyus da Diyo sun ce kai tsaye Nero ne ya sa aka kunna ta. Tasitus, wanda ya fi su taka-tsantsan kuma ba masoyinsa ba ne, ya ce ba a tabbatar ba ko tsautsayi ne ko makirci. Shi ne ya gaya mana cewa Nero yana Antiyum lokacin da wutar ta tashi, ya dawo sa'ad da ta doshi fadarsa, kuma fadar ta ƙone. Ya buɗe wa waɗanda suka rasa matsuguni gine-ginen gwamnati da lambunansa, ya sa aka kafa rumfuna, aka kawo abinci daga tashar jiragen ruwa ta Ostiya, aka karya farashin hatsi.

Zancen waƙar fa? Tasitus ya kira shi jita-jita, ya ce wai a wani dandamali na cikin gida ya rera waƙar faɗuwar birnin Taroy. Suwetoniyus ya ce a kan wata hasumiya ce. Diyo ya ce a saman rufin fada. Shaidu uku, wuri uku. A kotun alƙali ma da tuni an sallami ƙarar. Gogen da Turawa ke liƙa masa a karin maganarsu kuwa, wai yana goge Rum na ƙonewa, ba a ƙirƙiro shi ba sai bayan ɗaruruwan shekaru.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya yi bayan wutar shi ya ba jita-jitar ƙafa. Gaskiya ne ya kafa dokokin gini masu ma'ana: tituna masu faɗi, iyaka ga tsawon bene, dutse mai jure wuta, kowane gida da bangonsa ba a haɗa da na maƙwabci, kayan kashe gobara a kusa. Sai kuma ya yanki tsakiyar birnin da ya ƙone ya gina wa kansa Gidan Zinariya, da tafki, da gonaki, da gandun namun daji, da ɗakin cin abinci mai juyawa, da gunkinsa na tagulla wanda Suwetoniyus ya ce tsayinsa ƙafa 120. Da aka gama, wai cewa ya yi yanzu ne zai fara zama kamar ɗan Adam. Wanda gidansa ya ƙone yana kwana a rumfa, me kake so ya zata? Kuɗin aikin kuma daga larduna aka tatso shi, aka kwashe dukiyar gidajen bauta, aka rage nauyin azurfar da ke cikin dinari.

Don ya kawar da zargin daga kansa, in ji Tasitus, sai ya ɗora shi a kan Kiristoci, waɗanda a lokacin 'yan tsiraru ne da ba su da mai tsaya musu. Aka rufa wa wasu fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, aka gicciye wasu, aka cinna wa wasu wuta suka zama fitilu da dare a lambunsa. Akwai masana na zamani da ke shakkar ko an haɗa kisan da gobarar tun a lokacin, domin Suwetoniyus ya ambaci hukunta Kiristoci ba tare da ya danganta shi da wutar ba. Amma ba su da rinjaye.

Inda ba wani wanki da zai fitar da shi shi ne cikin gidansa. Biritanikus ya faɗi a wurin liyafa a shekara ta 55, saura kaɗan ya cika 14, Nero ya ce farfaɗiyarsa ce ta tashi. Wannan ana iya jayayya a kai. Na uwarsa ba jayayya. A watan Maris na shekara ta 59 ya gayyace ta biki a Baya, bakin tekun Nafoli, ya karrama ta, ya raka ta har bakin ruwa, ya sa ta a jirgin da aka shirya ya wargaje a tsakiyar teku. Rufin da aka danne da dalma ya rufto, bai same ta ba. Wata aminiyarta da ta faɗa ruwa ta yi ta ihu cewa ita ce uwar sarki, don a cece ta, sai matuƙan suka kashe ta da filafilai. Agirifina ta gane abin da ake ciki, ta yi shiru, ta yi iyo da rauni a kafaɗa har masunta suka tsamo ta. Kafin gari ya waye Anisetus, shugaban rundunar ruwa, ya kewaye gidanta. Tasitus ya ce ta nuna wa mai takobin cikinta ta ce nan zai sara. Ko wannan kalma ƙawa ce ta marubuci, kisan kansa Nero bai musa ba. Wasiƙa ya aika wa majalisa cewa ita ta ƙulla masa makirci, kuma Seneka, malamin falsafar nan, shi ya tsara ta.

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma tsofaffin marubuta sun so su bi wannan hanya: Burus ya mutu a shekara ta 62, Seneka ya ja jiki, Tijelinus ya shigo shugabancin dogarai, komai ya lalace. Lissafin bai fita ba, tunda an kashe uwar suna nan daram. Bayan an bankaɗo makircin sanata Piso na kashe shi a shekara ta 65, wanda na gaske ne ba ƙage ba, tsoro ya shige shi. Seneka da mawaƙi Lukan aka umarce su su kashe kansu. Tarasiya, sanatan da laifinsa bai wuce ƙaurace wa majalisa da ƙin yin fadanci ba, ya bi su a shekara ta 66. Korbulo, babban kwamandan da ya samo masa sulhu da Fartiyawa, masu mulkin ƙasar Farisa a lokacin, a kan Armeniya, aka kira shi Girka, yana sauka daga jirgi aka miƙa masa umarnin mutuwa.

Duk da haka tambaya tana nan: me ya sa shi ya zama abin misali? Suwetoniyus da kansa ya ce Kalaudiyas ya kashe sanatoci 35 da manyan mahaya (ajin manya da ke ƙasa da sanatoci) fiye da 300, amma da ya mutu majalisa ta shigar da shi sahun abin bautarsu. Augustus ya hau mulki ne ta kan jerin sunayen waɗanda aka halatta jininsu. Bambancin farko, su sun bar magada masu amfana da sunansu, Nero kuwa da shi zuriyar ta ƙare. Na biyu shi ne dandamali. A wurin manyan Rum, mawaƙi da ɗan wasa da mai tseren keke ƙasƙantattu ne. Ka ƙaddara sarki mai sanda ya tuɓe rawani, ya rataya kalangu ya shiga fage, ya kuma ce hakimai su zauna su tafa. Haka Nero ya yi a Nafoli a shekara ta 64, ya yi a Rum, sannan ya tafi Girka ya kwashe fiye da shekara yana gasa, ya dawo da kambuna 1,808 a ƙidayar Diyo, har da na tseren da ya faɗo daga keken doki goma bai kai ƙarshe ba. Wani hafsan dogarai da aka kama cikin makircin Piso, Subriyus Falabus, ya gaya masa ido da ido cewa ya fara ƙinsa ne tun da ya zama mai kashe uwa da mata, matuƙin keke, ɗan wasa, mai cinna wuta. Duba yadda ya jera su a layi ɗaya, kamar nauyinsu guda.

Su kansu dattawan, laifi tudu ne. A shekara ta 61 wani bawa ya kashe Fedaniyus Sekundus, magajin garin Rum. Tsohuwar doka ta ce a kashe duk bayin da ke gidan, su 400, har mata da yara. Talakawa suka fito da duwatsu da wuta don su hana, majalisa ta dage a bi al'adar kakanni. Nero ya jera sojoji a hanya aka zartar, abin da ya hana kawai shi ne korar 'yantattun bayin gidan daga Italiya. Ba wanda ya kira majalisa azzaluma a kan rai 400 ɗin nan.

Ƙarshensa ya zo da sauri. Gwamna Bindeks ya yi tawaye a Gol, Faransa ta yau, a watan Maris na 68, gwamna Galba ya bi a Sifen, dogarai suka juya baya, majalisa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa. Ya gudu gidan wani 'yantaccen bawansa a bayan gari, ya soka wa kansa wuƙa a wuya da taimakon magatakardansa ranar 9 ga Yuni, yana da shekara 30. Masu renonsa biyu da tsohuwar ƙwarƙwararsa Akte suka binne tokarsa. Suwetoniyus bai ɓoye cewa mutane sun daɗe suna kai furanni kabarinsa ba. Oto, wanda ya yi sarauta a 69, jama'a sun yi masa kirari da sunan Nero don yabo. Cikin shekara 20 mutum uku suka fito a gabashin daular kowanne yana cewa shi ne Nero bai mutu ba, kuma suka sami mabiya.

Gidan sarki Basfasiyan da ya karɓi mulki yana buƙatar a ga ya ceto Rum daga wani. Suka tsotse tafkin Gidan Zinariya suka gina Kolosiyam a gurbinsa, aka buɗe shi a shekara ta 80. Daga baya sarki Tarajan ya binne wani ɓangaren fadar a ƙarƙashin gidan wankan jama'a. Kiristoci suka ɗora nasu: a zamaninsa suke lissafa kisan Bitrus da Bulus, kuma masana da yawa na ganin lambar nan 666 ta littafin Wahayin Yahaya jimillar haruffan "Neron Kaisar" ce a rubutun Ibrananci. Da addinin ya zama na daular, hukuncin ya zauna.

A 'yan shekarun nan iska ta juya. A 2021 gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya yi baje koli na musamman yana tambayar ko an yi masa adalci, aka nuno rubuce-rubucen bangon tsohon garin Fomfe na Italiya inda talakawa ke yaba masa. Gyaran ya dace, a ganina, kan gobarar da waƙar, da ma zargin cewa ya shuri matarsa Popiya tana da ciki ta mutu, wanda zai iya zama ɓari ne. Amma wasu masu gyaran sukan zarce, su mai da shi saurayi mai son fasaha wanda tsofaffi suka yi wa ƙazafi. Waɗannan sai a tuna musu da Oktabiya, matarsa ta fari, 'yar Kalaudiyas. Ya sake ta a shekara ta 62, talakawan nan da ake cewa suna sonsa suka cika titi suna ɗauke da gumakanta suna neman a mayar da ita. Sai aka sa Anisetus, wanda ya kashe uwar, ya yi ƙaryar cewa ya neme ta. Aka kai ta tsibirin Fandateriya, aka ɗaure ta, aka yanke mata jijiyoyi. Tsoro ya hana jinin zuba, suka shigar da ita ɗakin wanka mai tururi har ta cika. Aka kawo kan Oktabiya Rum Popiya ta gani. Shekarun Oktabiya ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Majalisar dattawa ta zauna, ta zartar a kai hadayar godiya gidajen bauta.