Injin mota

Injin mota na'ura ce da ke ƙona mai da iska a cikin silinda, ƙarfin ƙunar ya tura fistan, fistan ya juya kirankishaf (sandar ƙarfe mai mayar da hawa da saukar fistan juyawa), giya kuma ta kai juyawar ga tayoyi. Yawancin motocin da ke kan titi suna da inji mai bugu huɗu, na fetur ko na dizal. Abin da ke zama aiki daga ƙarfin man bai cika wuce kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari ba, ragowar zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto.

Tarihi

A 1860 Étienne Lenoir, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Faransa, ya ƙera inji mai ƙona iskar gas. Injin ba ya matse gas ɗin kafin ya kama wuta, don haka ga ci, ga rashin ƙarfi. Bayan shekara biyu Alphonse Beau de Rochas ya rubuta tsarin bugu huɗu a takarda, amma bai ƙera shi ba. Nikolaus Otto ne ya fitar da mai aiki a 1876 a Deutz ta ƙasar Jamus, shi ya sa tsarin ke ɗauke da sunansa, ko da yake an soke haƙƙin mallakarsa a 1886 saboda rubutun Beau de Rochas. A wannan shekarar ce Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai taya uku da silinda ɗaya, wadda ƙarfinta bai kai na doki guda ba. Injin Rudolf Diesel ya fara aiki sosai a 1897 a Augsburg.

Bugu huɗu

A bugu na farko fistan yana sauka, bawul ɗin shiga a buɗe, silinda ta zuƙi iska da mai. A na biyu bawuloli duka a rufe, fistan ya hau ya matse cakudar zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Dab da ya kai ƙololuwa fulogi ya ba da wuta, ƙunar ta danna shi ƙasa. Wannan ne bugu na uku, shi kaɗai ke ba da ƙarfi. A na huɗu bawul ɗin fita ya buɗe, fistan ya kori hayaƙi. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska zalla yake matsewa, ninki 14 zuwa sama da 20, har ta yi zafin da man zai kama da kansa da zarar an fesa shi.

Taimin

Kafin bugu huɗun nan su cika, kirankishaf ya zaga sau biyu, kamshaf mai buɗe bawuloli kuwa sau ɗaya. Saboda haka haƙoran fulin kamshaf (faifan da ke juya shi) ninki biyu ne na fulin kirankishaf. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko yaushe sai ya kauce kafin fistan ya iso. Abin da ke riƙe wannan daidaito, wato taimin, shi ne bel, ko sarƙa, ko giyoyi masu cizon juna kamar yadda ake gani a manyan injinan dizal.

Bel ɗin taimin

Roba ce mai haƙora a cikinta, an ƙarfafa ta da zaren gilashi ko makamancinsa don kada ta miƙe. Ana yawan ambaton Glas 1004 ta Jamus, ta 1962, a matsayin motar kasuwa ta farko da ta zo da shi. Fiat da Pontiac sun biyo baya wajen 1966. Ba ya ƙara, ba shi da nauyi, ba ya neman mai. Aibinsa shi ne yakan tsinke ba sallama.

Wa'adin canza shi ya danganta da inji, galibi tsakanin kilomita 60,000 da 160,000, ko bayan wasu shekaru ko da motar ajiye take, domin roba tana tsufa. Baƙin mai ko ruwan lagireto da ke ɗiga a kansa yana rage masa kwana. Sau da yawa ma ba bel ɗin ne ke fara mutuwa ba, boris ɗin tenshina (abin da ke ɗame bel ɗin) ko na famfon ruwa ne ke cijewa ya zubar masa da haƙora. Shi ya sa ake canza su tare.

Girman ɓarnar ya danganta da ƙirar inji. A wasu injina akwai tazara tsakanin fistan da buɗaɗɗen bawul, idan bel ya tsinke motar mutuwa kawai take yi. A yawancin na zamani babu wannan tazara: kamshaf ya tsaya, wasu bawuloli na buɗe, fistan ya zo ya doke su su lanƙwashe, sai an sauke kan silinda.

Wajen canji, ana kawo fistan na ɗaya ƙololuwa a bugun matsi, a daidaita alamomin fuli da na jikin inji, a kulle shaf ɗin idan injin na da makulli na musamman. A sassauta tenshina, a cire tsohon bel, a sa sabo ta fuskar da kibiyarsa ta nuna, ba tare da an karya shi ko an ɓanɓare shi da sukudireba ba. Daga nan a juya kirankishaf da hannu zagaye biyu cif, a sake duba alamomi kafin a taɓa makullin tayar da mota. Kuskuren haƙori ɗaya ba ƙarami ba ne: a fulin kamshaf mai haƙora 40, haƙori guda digiri 9 ne, wato digiri 18 na kirankishaf.

Akwai kuma bel mai aiki a cikin baƙin mai. Idan an zuba man da bai dace ba yana marmashewa, ɓurɓushinsa ya toshe rariyar famfon mai.

Sarƙa

Sarƙa tana cikin inji, baƙin mai na wanke ta, kuma an yi ta ne don ta kai ƙarshen rayuwar injin. Abin da ake kira miƙewarta cinyewar ƙusoshin gaɓoɓinta ne, kuma jinkirin juye baƙin mai ke kawo shi. Alamar farko kwaramniya ce ta 'yan daƙiƙu in an tayar da inji da sanyi, kafin mai ya cika tenshina. Kwamfutar gwaji takan nuna lambar P0016 idan kamshaf da kirankishaf sun saɓa. Wanda ya fi tsakanin bel da sarƙa, makanikai ba su daidaita ba.

Fesa mai

Fetur yana ƙonewa tsaf idan kowane giram ɗaya ya samu giram 14.7 na iska. Shekaru da dama kafireta ce ke wannan awo, iska na wucewa ta ƙuntataccen maƙogwaro tana jan mai. Ba ta iya riƙe awon daidai a kowane hali, dokokin hayaƙi kuma suka kawar da ita daga sababbin motoci a Amurka da Turai wajen farkon shekarun 1990.

Fesa mai ya girmi kwamfuta. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 tana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da famfon Bosch. Tsarin lantarki na Bendix ya shiga wasu motocin Chrysler a 1958 bai yi ƙarko ba. Wanda ya zauna shi ne D-Jetronic na Bosch, a Volkswagen 1600 a 1967. Volvo ta fara sa sensar iskar oksijin a salansa wajen 1976, Mitsubishi ta dawo da fesawa kai tsaye a 1996, Alfa Romeo 156 kuma ta kawo dizal mai bututun matsi na bai ɗaya cikin ƙananan motoci a 1997.

A yau famfo a cikin tanki yana tura fetur da matsin bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne). Kwamfutar inji tana karanta yawan iska, matsayin kirankishaf, zafin ruwa da buɗewar totur, ta yanke tsawon lokacin da injekta, wato bakin da ke fesa man, za ta buɗe, 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa. Sensar salansa ta gaya mata ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta gyara. A fesawa kai tsaye matsin yakan kai bar 200 zuwa 350, a dizal kuwa har 2,000 ko fiye. Feshin irin wannan yana huda fata, ba a laluben yoyonsa da hannu.

Injekta da ta toshe tana sa inji rawa a silo. Wadda ke ɗiga tana wanke mai daga bangon silinda, ta tsinka baƙin mai. Injin da ke fesawa kai tsaye yana tara gawayi a bayan bawulolin shiga, tunda fetur ba ya bi ta kansu balle ya wanke su, kuma maganin da ake zubawa a tanki ba ya kai wa wurin.