Kwanciyar rana ba ragwanci ba ce

Tun muna yara ake gaya mana cewa mai kwanciya da rana rago ne. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu aka ce kowa ya zauna gida, wannan magana ta wahalar da mutane a Sakkwato. Mutum yana cikin gidansa, amma kunyar hutawa yake ji.

Na gani a wurin yayata. Yara biyar a tsakar gida, ga girki, ga wanki, ga ɗinkin hular da take sayarwa, azumi kuma ya faɗo cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Ta ƙi kishingiɗa bayan azahar don kada a ce ta lalace. Kafin la'asar kanta na sarawa, allura na sukar yatsanta. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ai ƙailula, wato ɗan barcin rana, sunna ce. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 da dare, kuma ƙarancinsa na raunana garkuwar jiki, wadda ita ake nema lokacin annoba. Minti 20 zuwa 30 da rana sun wadatar. In ya zarce haka, yakan hana barcin dare.