Waiwaye: Kutsen PlayStation Network na 2011 da matsayin mai buga gem a Kumasi

Ranar Laraba 20 ga Afrilun 2011 kamfanin Sony ya kashe PlayStation Network, hanyar da ke haɗa na'urorin PS3 da PSP da intanet domin wasa da sayen gem. Da farko ya ce al'amarin na kwana ɗaya ne ko biyu. Bayan kwana biyu ya amsa cewa kutse aka yi masa daga waje. Sai ranar Talata 26 ga watan ya fito da gaskiyar da mutane ke tsoro: tsakanin 17 zuwa 19 ga Afrilu an shiga rumbun bayanansa, an taɓa asusu kusan miliyan 77. Abin da aka kwasa ya haɗa da suna, adireshin gida, imel, ranar haihuwa, sunan shiga da kalmar sirri. Game da katin banki kuwa, kamfanin ya ce lambobin a kulle suke, kuma ba shi da shaidar an ɗauke su, amma ba zai iya rantsuwa ba.

Rigimar ba a ranar ta faro ba. A Afrilun 2010 Sony ya cire wa PS3 damar ɗora Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, alhali da wannan damar aka sayar da na'urar, abin da ya ɓata wa masu ƙwaƙular kwamfuta rai. A farkon 2011 wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, ya wallafa makullin da ke buɗe PS3, Sony ya maka shi a kotu, ƙungiyar masu kutse ta Anonymous kuma ta mayar da martani a farkon Afrilu da ambaliyar buƙatun bogi da ta riƙa durƙusar da shafukan kamfanin. Daga baya Sony ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa ya tsinci wani fayil mai sunan ƙungiyar a cikin kwamfutocinsa. Ƙungiyar ta musanta hannu a satar bayanan.

Wanda ya bi yadda masu saye suka karɓi lamarin zai ga fushinsu hawa biyu ne. Hawa na farko na 'yan wasa ne zalla: a makon ne aka fitar da Portal 2 da Mortal Kombat da SOCOM 4, mutane sun biya kuɗi sun kai gida, babu hanyar bugawa da kowa. Hawa na biyu ya fi zafi, kuma shi ne ya kai ga kotu da majalisa, wato shirun kwana shida. Dalilin a fili yake. Bayanan da aka sace a kwanakin farko suka fi amfani ga ɓarawo, kafin mai su ya farga. Mutumin da kalmar sirrinsa ta PlayStation ita ce ta imel ɗinsa, da an gaya masa ran 20 ga wata da ya canza ta cikin minti biyar. Da aka gaya masa ran 26, ihu ne bayan hari. Sony ya kare kansa da cewa sai da masu bincike suka gama tantance girman ɓarnar kafin ya iya magana, amma wannan hujja ba ta gamsar da kowa ba, kuma a ganinmu ba ta isa ba: ba sai ka ƙidaya abin da aka sace ba kafin ka ce wa mutane su canza makulli.

Washegarin sanarwar, 27 ga Afrilu, aka shigar da ƙarar farko a Kalifoniya. Mutane da dama suka soke katunansu na banki ba tare da jiran tabbaci ba. Ranar 1 ga Mayu Kazuo Hirai da wasu manyan kamfanin biyu suka sunkuya a gaban 'yan jarida a Tokyo suna neman afuwa. Kwana ɗaya bayan haka aka ji cewa reshen kamfanin mai kula da gem na intanet, Sony Online Entertainment, shi ma an shiga, asusu miliyan 24.6, har da lambobin kati kusan 12,700 daga wani tsohon rumbu na 2007 da ya kamata a ce an goge shi tuntuni.

An fara dawo da hanyar a tsakiyar Mayu, bayan kwana 23. Kowace PS3 sai ta sauke sabuwar manhaja mai lamba 3.61, sannan mai asusu ya canza kalmar sirri dole. A nan ne aka yi wani kuskure da ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau darasinsa yana aiki. Shafin intanet da Sony ya tanada don sake kalmar sirri yana da ɓaraka da ke ba mutum damar karɓe asusu idan ya san abu biyu kacal: imel da ranar haihuwa. Waɗannan biyun kuwa suna cikin kayan da ɓarayi suka riga suka kwashe. Dole aka sake rufe shafin aka gyara. Kalmar sirri ana canza ta, katin banki ana soke shi a karɓi sabo, amma ranar haihuwar mutum da sunansa suna nan yadda suke har abada. Duk tsarin da ya dogara da su wajen tabbatar da mai asusu ya raunana daga ranar da aka sace su.

Sai maganar diyya. Sony ya ba kowane mai PS3 da ya buɗe asusu kafin kutsen gem biyu kyauta daga cikin biyar, da kwana 30 na PlayStation Plus, tsarin rajistarsa na biyan kuɗi. Mazauna Amurka sun sami ƙarin kariyar shekara guda daga masu sojan gona da bayanan mutum, tare da inshorar da ta kai dala miliyan 1. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 171. A Janairun 2013 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam 250,000, tana cewa da an sabunta manhajoji a kan lokaci da an kauce wa kutsen. Ƙarar haɗin gwiwa da masu saye suka shigar a Amurka ta ƙare da sulhun dala miliyan 15 a 2014, mafi yawansa ba tsabar kuɗi ba ne, gem ne da kwanakin rajista. A tsakanin nan, cikin Satumban 2011, Sony ya sauya sharuɗɗan amfani da hanyar: duk wanda ya danna amincewa ya yafe haƙƙin shiga ƙarar haɗin gwiwa, sai dai in ya aika takarda ta gidan waya cikin kwana 30 yana cewa bai yarda ba.

Shin mutane sun gudu? An sami rahotannin masu kai PS3 kanti su musanya da Xbox 360 na kamfanin Microsoft, amma guguwar ba ta daɗe ba. A farkon Yunin 2011 Sony ya ce hada-hada ta koma sama da kashi 90 cikin 100 na yadda take a da, kuma PS4 da ya fito a Nuwamban 2013 ya haura miliyan 100 a kasuwa. Ba yafiya ce ta dawo da su ba. Gem ɗin da ka saya, kofunan da ka tara da abokan wasanka duk a ɗaure suke da asusun, barin sa asara ce kai tsaye. Shi ya sa matsin masu saye bai kawo gyara da sauri ba: tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri, sai a Agustan 2016 ta zo PlayStation, shekara biyar bayan kutsen.

Yanzu mu dawo gida. A 2011 gidajen gem na unguwannin Asawase da Aboabo da Sabon Zango a Kumasi galibi ba su ji wannan girgiza ba, domin yara a gaban talabijin ɗaya suke karawa a gem ɗin ƙwallo na FIFA ko PES, ba ruwansu da intanet. Yau al'amarin ya juya. Gem da yawa ana sauke su ne, ba a faifai suke zuwa ba, wasa da na nesa kuma ya zama ruwan dare. Sai dai akwai abin da bai canza ba: Gana ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa yayin buɗe asusun PlayStation. A yankin kudu da Sahara Afirka ta Kudu ce ke ciki. Don haka mai na'ura a Kumasi yakan zaɓi Amurka ko Birtaniya, ya sa adireshin aro, sau da yawa ma ba shi ya buɗe ba, yaron shagon da ya sayar masa da na'urar a Adum ne ya buɗe masa da imel ɗin da shi mai na'urar bai taɓa shiga ba, da ranar haihuwar da aka ƙirƙira nan take.

Wannan yana da ɗan amfani: bayanan bogi in an sace su ba su nuna gidan kowa ba, kuma mai loda asusu da katin kuɗi na PlayStation da ya saya da Momo, wato kuɗin waya, bai ajiye lambar katin banki a can ba. Amma illar ta fi yawa. Duk abin da aka samu bayan kutsen 2011, inshora da sulhun kotu da tara, an same shi ne a ƙasashen da doka ta san da mai sayen. Gana tana da Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukuma da waɗanda abin ya shafa idan an yi masa kutse, akwai kuma Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, wadda ake kira ko a tura wa saƙo a 292. To amma wanda asusunsa ke cewa a Amurka yake zaune, da wace takarda zai fara kai kuka?

Duniya ta ga wannan giɓi ƙarara a Mayun 2024, lokacin da Sony ya ce masu buga Helldivers 2 a kwamfuta sai sun haɗa asusun PlayStation. Aka cire gem ɗin daga Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet, a ƙasashe da yankuna 177 da ba su da hanyar. 'Yan wasa suka yi ruwan munanan sharhi sama da 200,000 cikin 'yan kwanaki, da yawansu suna kafa hujja da tarihin kutsen kamfanin, wasu suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Ran 6 ga Mayu Sony ya janye sharaɗin. Bambancin da 2011 shi ne a wannan karon akwai wurin da fushin ke taɓa ciniki nan take.

A aikace, asusun ɗan Kumasi ba kasafai yake salwanta ta hanyar babban kutse irin na 2011 ba. Hanya ta farko ita ce maimaita kalmar sirri. A Oktoban 2011 Sony ya kulle asusu kusan 93,000 bayan wasu sun gwada jerin imel da kalmomin sirri da suka samo daga wasu wurare, suka dace. Ana yin irin wannan gwaji da na'ura, dubbai a lokaci guda, ba wanda ya zaɓe ka. Shafin Have I Been Pwned yana nuna wa mutum kyauta ko imel ɗinsa ya taɓa fita a wani kutse da aka sani. In ya fita, a canza kalmar sirrin imel ɗin da farko, sannan ta gem, domin ta imel ake aiko da hanyar sake kalmar.

Hanya ta biyu ita ce asusun haɗaka. Mai sayarwa ya sayi gem ɗaya a asusu ɗaya, ya sayar wa wani damar mayar da na'urarsa ta zama babbar na'urar asusun, ya sayar wa wani damar shiga kawai, imel ɗin kuma yana hannunsa. Ranar da ya so zai shiga shafin Sony ya cire duk na'urorin da ke kan asusun, abin da tsarin ke bari a yi sau ɗaya cikin wata shida, sai kwaɗo ya bayyana a kan gem ɗinka. Ba inda za ka kai ƙara, tunda cinikin kansa ya saɓa sharuɗɗan kamfanin. Masu gidajen gem su ne wannan ya fi cutarwa, domin na'ura huɗu ko biyar na iya tsayawa rana ɗaya.

Wanda aka buɗe wa asusu a shago ya kamata tun a wurin ya mayar da imel ɗin shiga zuwa nasa, ya canza kalmar sirri, ya rubuta ƙasa da ranar haihuwar da aka sa, ko da ta bogi ce, tunda ƙasar asusu ba ta canzuwa kuma da waɗannan bayanan za a gane shi. Ya kunna tantancewa mai mataki biyu, gara ta manhajar da ke fitar da lambobin shiga da ta saƙon waya, domin layi yana iya ɓata ko a yi masa musanyar sim ta zamba. Lambobin ko-ta-kwana da tsarin ke bayarwa a kwafe su a takarda: in suna cikin wayar da aka sace, sun tafi tare da ita. Tun 2024 akwai kuma shiga da zanen yatsa ko fuska ta wayar mutum maimakon kalmar sirri.

Idan asusun ya riga ya kuɓuce, sashen taimako na Sony yakan nemi sunan wasa, imel ɗin asali, lambar jikin na'ura da lambar wani ciniki da aka yi. Shi ya sa rasit ɗin da ke shigowa imel bayan kowane saye bai kamata a goge shi ba, haka ma hoton lambar na'ura. Wanda ya ɗaura katin banki kuma ya ga an cire masa kuɗi, kada ya fara da sa banki ya janyo kuɗin. Sony yana ɗaukar hakan a matsayin bashi, ya dakatar da asusun har sai an biya, tare da duk gem ɗin da ke ciki. A fara sanar da Sony, a cire katin daga asusun, a nemi banki ya toshe shi, in kuma zambar ta bi ta Momo a kira kamfanin layin da 292 a ranar, tare da lambar cinikin da lambar da aka tura wa kuɗin.